Me Ya Sa Sakamakon Gwajin Fitsari Ke Ɗaukar Kwana Uku?

Tambaya: Likita, na yi mako biyu ina fama da zafin fitsari, na sha maganin da na saya a kemis bai yi mini aiki ba. A wani asibiti a Gusau aka karɓi fitsarina, aka ce in dawo bayan kwana uku. Me ke jawo wannan jinkiri? Daga wata mai karatu a Ƙaura Namoda.

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, Malama. A ɗakin gwaji shuka ƙwayar cutar ake yi: ana shafa fitsarin a kan faranti mai abincin bakteriya, a ajiye shi cikin na'urar ɗumi mai zafi kusan na jikin mutum, har tsawon awa 18 zuwa 24, kafin a gane wace ƙwaya ce ta tsiro, kuma galibi E. coli ce.

Daga nan sai a shimfiɗa ƙwayar a wani faranti, a ɗora ƙananan takardu zagayayyu, kowace ɗauke da magani daban, a sake jira kwana guda. Inda magani ya yi tasiri, za a ga fili fayau kewaye da takardar, a auna faɗinsa da milimita. Inda ƙwayar ta tsiro har bakin takarda, ta bijire wa maganin.

Ina roƙonki ki faɗa wa likitanki sunan maganin da kika sha, domin yana iya hana ƙwayar tsirowa. Idan zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya taso, ki koma asibiti ba tare da jiran sakamakon ba.