Matse bakin kwanso: ba kowace bindiga ke buƙata ba

Malam, ka tambaya ko dole ne mai haɗa harsashi da hannu ya matse bakin kwanso, wato mazubin albarushi, a jikin kan harsashin. Ya danganta da bindigar.

A bindiga irin Winchester 1894 mai cin harsashi samfurin .30-30, harsasai a jere suke cikin wani bututu da ke ƙarƙashin hancin bindigar, kowanne na tokare da gindin na gabansa, ga sifirin na cikin bututun yana danna su. In ba a matse ba, kan zai iya nutsewa cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, matsin wuta ya haura yadda bai kamata ba. Haka ma manyan bindigogin farauta masu mugun naushi a kafaɗa. Amma a bindigar harbin saiti mai sakata da ake ja da hannu (bolt-action), riƙon wuyan kwanso kan wadatar, kuma a ganina matsewar ƙarin aiki ne kawai. Matsewa fiye da kima ma tana lanƙwasa kafaɗar kwanso.

Sai dai haɗa harsashi da hannu sana'ar mafarautan ƙasashe irin su Amurka ce. A nan Zariya, dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi a gida, ko mallakarsa ba lasisi. Irin wannan aiki na DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya, can Kaduna.