Mayen ƙarfen cikin kwamfuta zai iya ƙara wa kas ƙarfi?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan gwangwan ne a Ƙofar Marusa nan Katsina, yarona ya ce wai ya gani a waya ana narka mayen ƙarfen cikin had dis (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) a zuba wa kas, wato ƙarfen zubi, ya ƙara ƙwari, har ya fara tara min su a gwangwanin madara. Gaskiya ne ko zancen intanet ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, yaron nan bai yi ƙarya ba, amma a yi hattara. Mayen nan mai sheƙi kamar azurfa da ke cikin had dis da iyafis, wanda in biyu suka haɗu sai sun matse maka yatsa, kusan kashi 30 cikin 100 na jikinsa sinadarin niyodimiyam ne da danginsa, sauran galibi ƙarfe ne sai ɗan boron. Shi kuwa baƙin nan na bayan tsohuwar sifika babu wannan sinadarin a cikinsa, kar ma yaro ya wahalar da kansa.

Shi kas, irin na farantin injin markaɗe, abin da ya sa in ya faɗi yake tsagewa maimakon ya lanƙwashe shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa kwance yake falle-falle kamar ɓawon albasa, tsaga tana bin gefensu. Tun wajen 1948 aka gano a Amurka da Ingila cewa in aka sa magniziyam ko seriyam a narkakken kas kabon ɗin yana dunƙulewa kamar ƙwayar gero, sai kas ɗin ya rage saurin tsagewa, to niyodimiyam ɗan gidan su seriyam ne, yana kama salfa da iskar oksijin da ke ɓata zubi, shi ya sa masu bincike suka ce me zai hana a gwada tarkacen mayen, tunda dama ƙasar Sin ce ke riƙe da kasuwar sinadaran nan.

Amma fa da awo ake yi, ɗan ƙanƙani ake sawa, in ya zarce sai kas ɗin ya yi taurin da zarto ba ya ci kuma ya fashe kamar tangaran. Sannan kas sai zafi ya kai wajen digiri 1,200 yake narkewa, wutar masu zubin tukunyar alminiyom ba aikinta ba ne. Kuma don Allah kar a daka shi a turmi ko a goga a injin wasa wuƙa, garinsa yana kama wuta. A ni dai a ware masu sheƙin daban a nemi mai saye, kuma a ɗaga gwangwanin sama nesa da ƙananan yara, haɗiye biyu kaɗai na iya huda hanji.