Kada ka sake ka buga sunan ɗan wasa a jesi kafin mai ita ya zo

Kai Sadiƙu, na ga saƙonka, wai me zai hana mu buga Casemiro da lamba 18 a jesin Man United guda talatin mu jera a shago tunda ƴan United sun yi yawa a unguwa. Da ban yi niyyar amsawa ba don na faɗa maka ya fi sau biyar, amma tambayar ta taɓo min wani miki, toh zauna ka ji.

Zancen zafin inji da minti nawa za ka danna kada ma ka tambaye ni, wanda ya shekara biyu a shago bai san wannan ba gara ya koma sayar da kati.

Ka san Coutinho ai? Yaron Rio ne, a Vasco da Gama ya taso, Inter Milan suka saye shi yana shekara 16 amma bai samu wuri ba har aro suka ba da shi Espanyol, sai Liverpool suka ɗauko shi a Janairun 2013 a fam miliyan 8.5, kuɗin goro. Ya sa lamba 10, in ya yanko daga hagu ya ɗora ta a ƙafar dama gola sai dai ya bi ta da ido. A lokacin duk yaron da ya shigo shagon nan da jar riga Coutinho yake so a bayansa.

2017 Neymar ya bar Barcelona ya tafi PSG, Barcelona suka rikice suna neman wanda zai toshe, suka matsa wa Coutinho har ya rubuta takardar neman tafiya, Liverpool suka ce atafau. Ni kuma da iyayina na ce ai magana ta ƙare, mutumin da ya sa hannu a sabon kwantaragi farkon shekarar ina za shi? Disamba ta zo Liverpool suka ci Spartak Moscow 7-0, Coutinho ne kyaftin, ya zura uku rigis, gidan kallo kamar zai tsage. Washegari wani ɗan kasuwa da ke kai kaya ƙauyuka ya zo, baki kamar zuma, Oga sama Oga ƙasa, wai dozin biyar yake so duk Coutinho 10, in ya dawo daga tafiya zai biya gaba ɗaya. Ko kafin alƙalami ban karɓa ba wallahi, don mun taɓa ciniki sau biyu bai ci ni ba. Na ciyo bashin jesin a kasuwa, kwana uku muna dannawa da janareta ga tsadar mai, har tabon ƙuna na samu a hannu, shi ne wanda kake gani kusa da agogona.

Satin farko na Janairu 2018 Barcelona suka ɗauke shi, kuɗi wajen fam miliyan 142 in an haɗa da ƙarin da ke cikin yarjejeniya. Mutumin nawa ya daina ɗaga waya. Da na ritsa shi a tasha ka san me ya ce? Wai shi ɗan wasan Liverpool ya yi oda, wannan kuwa yanzu ba nasu ba ne. Ƴan Liverpool ko kyauta ba sa so, maci amana suke ce masa. Na gwada ɓare sunan, shatin gam ya fito ɓaro-ɓaro, biyu ma suka ƙone. Ƙarshe wata ƙungiyar yara ta unguwa na kakkaɓa wa ƙasa da rabin kuɗi, ƴan wasa sha ɗaya a fili kowa Coutinho, har gola. Wata bakwai ina biyan bashin nan kuma har yau ban yafe ba.

Kuma ka duba yadda ya yi ta yawo bayan nan. Barcelona ya fara da lamba 14, ya koma 7, aka ba da shi aro Bayern ya sa 10, can ya zura wa Barcelona ɗin biyu ranar da aka yi musu 8-2 a 2020, ya dawo 14, Aston Villa 23 wajen koci Gerrard, Qatar, sannan ya koma gida Vasco a 2024. Wa zai bi wannan da inji?

Casemironka kuwa sa'an Coutinho ne, 1992 aka haife su duka. Kofin zakarun Turai biyar ya ci a Madrid, na yarda, amma ɗan tsakiya in ƙafa ta fara nauyi ba a sallama, rana ɗaya za ka ji ya tafi. Ku yaran yanzu abin da TikTok ya nuna muku da safe shi ne kasuwa a wajenku.

Jesi ta zauna ba komai a bayanta. Mutum ya zo, ya rubuta sunan da hannunsa a takarda, ya ajiye rabin kuɗi, sannan ka kunna inji, ko ƙanin babanka ne. Gobe ka zo da wuri, akwai na ƴan makarantar nan da ba mu gama ba.