Manhajar Kyauta Tana Neman Gudummawa: In Bayar Ko In Dakata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan ina amfani da wata manhajar zane ta intanet wajen tsara katunan gayyata da tambarin masu sana'a, kuma ban taɓa biyan komai ba. Kwanan nan mai ita ya fitar da sanarwa cewa zai sake gina ta daga tushe, yana roƙon masu amfani da ita su haɗa masa kuɗi. Abin ya ɗaure mini kai, domin manhajar tana aiki lafiya lau. Me zai sa a rushe abin da bai lalace ba? Kuma idan kyauta ce, ina kuɗin zai tafi? Ba na so in zama butulu, ba na kuma so a yaudare ni.

— Wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Bari in fara da batun kuɗi, domin shi ne mai sauƙin amsawa. Manhajar da ke zaune a intanet tana kan wata kwamfuta ce da ake kira saba, wadda ake biya wa haya kowane wata, sunan shafin ma ana sabunta rajistarsa duk shekara, sannan duk hoton da kika ɗora ko kika sauke yana cin wurin ajiya da data waɗanda wani ne yake biya. Abin da ya fi waɗannan tsada shi ne lokacin wanda ya rubuta ta. Saboda haka manhajar kyauta tana cikin wani yanayi mai ban mamaki: duk lokacin da masoyanta suka ƙaru, ɗawainiyarta ce take ƙaruwa, kuɗin shigarta kuwa yana nan inda yake. Wasu suna cike wannan giɓi da talla, kamar yadda Photopea, wata manhajar gyaran hoto ta intanet, take yi, inda mai son a cire masa tallan yake biya. Wasu kuma sun zaɓi su miƙa ƙoƙon bara ga masu amfani da su kai tsaye.

Game da sake gini, abin da kike gani a fuskar allo ba shi ne gaskiyar lafiyar manhaja ba. Tana iya yin kyau daga waje alhali harsashin da aka ɗora ta a kai ya fara zaizayewa. Misali mafi kusa shi ne na Flash, fasahar kamfanin Adobe da aka gina manhajojin zane da wasanni masu ɗimbin yawa a kanta. A shekarar 2017 kamfanin ya sanar da cewa zai daina kula da ita, ya kuma cika alkawari a ranar 31 ga Disamba, 2020. Duk wanda ya dogara da Flash sai da ya zaɓi ɗayan biyu, ko ya sake rubuta manhajarsa da fasahohin gina shafukan intanet irin su HTML5 da JavaScript, ko ya bar ta ta mutu, ko da kuwa ana gobe rufewar tana aiki ba tangarɗa. Akwai kuma dalilin da ba ya fitowa fili: manhajar da mutum ɗaya ya yi shekaru yana yi wa faci takan kai matsayin da in an gyara maɓallin sauya launi sai na ajiye fayil ya daina aiki, har mai ita ya riƙa jin tsoron taɓa ta.

Duk da haka, ba zan ɓoye miki ba, sake gini daga tushe aiki ne mai haɗari, kuma masu rubuta manhaja sun fi kowa saurin raina tsawon lokacin da zai ɗauka. Kamfanin Netscape, mai yin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ya ajiye tsohon aikinsa a 1998 domin ya sake sabo, sabuwar burauzarsa ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan kasuwa ta koma hannun kishiyarta Internet Explorer. Wannan kamfani ne mai ma'aikata da jari, balle mutum ɗaya da yake aikin da dare bayan ya taso daga neman abincinsa.

A ganina, tambayar da ta fi dacewa ki yi ita ce: idan na bayar, me kuɗina zai saya, kuma a hannun wa abin zai kasance? Tarihin Blender, manhajar zane mai fuska uku, ya fayyace wannan sarai. A 2002 kamfanin da ya mallake ta a ƙasar Holan ya durƙushe, manhajar ta maƙale a hannun masu zuba jari. Ton Roosendaal, wanda ya ƙirƙire ta, ya kafa gidauniya, ya daidaita da su a kan Yuro 100,000, masu amfani da ita kuma suka haɗa kuɗin cikin mako bakwai. A ranar 13 ga Oktoba na wannan shekara aka saki ainihin rubutun manhajar ga duniya a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar dubawa da gyarawa da rarrabawa, ya kuma hana a dawo a kulle abin da aka riga aka saki. Waɗanda suka bayar ba alkawari suka saya ba, 'yancin manhajar suka fanso, ta yadda ko da Roosendaal ya gaji ya ajiye aikin, wani zai iya ɗauka daga inda ya tsaya. Idan manhajar da kike magana a kai rufaffiya ce, mallakar mutum ɗaya, gudummawarki kyauta ce gare shi, kuma babu abin da zai hana shi sayar da ita ko sanya mata kuɗi daga baya. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata ki sani kafin ki bayar.

Sai ki sake karanta sanarwar tasa da natsuwa. Mai gaskiya yakan faɗi adadin da yake nema, da abin da zai yi da shi, da makomar ayyukan da mutane suka ajiye a tsohuwar manhajar, da kuma abin da zai faru idan kuɗin bai cika ba. A Kickstarter, dandalin da ake tara wa sabbin ayyuka kuɗi daga jama'a, alal misali, ba a cire kuɗin kowa sai an cimma adadin da aka sanya, amma ko a can dandalin ba ya lamunce miki cewa za a kammala aikin. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne washegarin biki: tara kuɗi sau ɗaya yana biyan gini, ba ya biyan hayar saba ta shekara mai zuwa. Masu Krita, wata manhajar zane ta kyauta, sun nemi tallafi a Kickstarter a 2014 da 2015 da 2016, daga baya suka ƙara da sayar da manhajar a shagunan manhaja na intanet na Steam da Microsoft, alhali tana nan kyauta a shafinsu, suka kuma buɗe asusun gudummawar wata-wata kamar yadda Blender take da shi. Idan mai manhajarki bai ce komai ba game da yadda za ta ci gaba da rayuwa bayan an gama ginin, ki rubuta masa ki tambaya, yadda zai amsa zai nuna miki abu da yawa.

Tunda sana'arki kike yi da ita, ina ganin ya dace ki bayar, amma gwargwadon abin da ba zai dame ki ba idan aikin ya ci tura, kuma kaɗan-kaɗan duk wata ya fi masa amfani a kan dunƙule ɗaya. Kafin nan, tun yau ki sauke dukkan ayyukanki zuwa kwamfutarki: tambura a tsarin SVG, wanda ba ya dushewa komai girman da aka ja shi, katuna kuma a PDF ko PNG. Sabuwar manhaja ba lallai ba ne ta iya buɗe fayilolin tsohuwa, kuma ranar da abokin ciniki ya dawo neman a sauya masa lambar waya a jikin tambarinsa, a wurinki zai nema.