Ta ina za a fara rage kuskure tsakanin sassan asibiti?

Ƴar uwa kin tambaya ta ina za ku fara tunda kowane sashe da nasa tsarin. Ku fara da lokacin miƙa mara lafiya, daga imajansi zuwa ɗakin kwanciya ko daga tiyata, don a nan bayani yake zubewa. Ku yi fom ɗaya na kowa, suna da lambar kati, maganin da aka ba shi da ƙarfe nawa, wanda jikinsa baya karɓa, da gwajin da ake jira, sannan nas ɗin da ta karɓe shi ta maimaita da bakinta kafin ta sa hannu. A tiyata kuma ku riƙe takardar tantancewar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 2008, abu 19 ne kacal.

Amma fa abinda na gani a aiki, in dai ƙaramar nas tana tsoron cewa "likita dakata, ba wannan bane" don kar a ci mata fuska gaban mutane, to wallahi fom ɗin zai koma cike-cike kawai. Shugabannin sassa su riƙa zama duk wata suna duba kurakuran, harda wanda saura ƙiris ya faru, ba don neman wanda za a ɗora wa laifi ba.