Amsa ga ƙanena da ya ce zai ajiye karatu

Salamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka faɗi jarrabawa a shekara ta biyu ta lisans, wato digiri na farko, kana ganin masu digiri suna kabu-kabu a Sabon Gari, ka rasa dalilin ci gaba. Wallahi da na karanta sai da ƙirjina ya yi nauyi, don ni ma na shiga irin wannan hali.

Faɗuwar kanta ban daɗe ina jin zafinta ba. Abin da ya karya ni wani kawuna ne. Na je gida Magarya ranar sunan ɗan ƙanwata, ana zaune a tabarma ana raba goro, sai ya dube ni a gaban surukai ya ce karatuna ba ya ƙarewa, sa'o'ina sun je Agadas sun dawo sun yi gini, ni kuwa har yanzu kuɗin mota nake roƙo. Mutane suka yi dariya. Mahaifiyata tana bakin ƙofa da ƙwaryar fura a hannu, ta sunkuyar da kai. Mutumin da ko dala bai taɓa ba ni don karatu ba, ko littafi ɗaya! Da na koma Damagaram na rufe kaina a ɗaki, ba na zuwa amfi, wato zauren darasi na jami'a, ba na barci, in na buɗe takarda muryarsa nake ji. Har yau in muka gaisa sai abin ya taso mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ka kula da abin da kake faɗa wa kanka. "Na faɗi wannan darasi" daban, "ni ba ni da kai" daban. Na biyun shi ke kashe zuciya. Daga baya na ji bayanin wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Snyder, wanda ya nuna cewa fata yana tsayuwa ne in mutum yana da abin da ya nufa, yana hango hanyar kaiwa gare shi, kuma ya yarda ƙafarsa za ta iya takawa. Ni hanyar ce ta ɓace mini, don aikin da zan samu bayan shekaru nake ta hange. Da na mayar da burina kan cin darasi ɗaya a jarrabawar gyara, sai na fara samun ƙarfi.

Kada ka zauna kai kaɗai, don Allah. Wani abokina ɗan Mirya shi ya ja ni, kullum bayan isha'i ya zo da butar shayi mu bi tsofaffin tambayoyi. Bai taɓa yi mini wa'azi ba. Kuma ka rage kallon abin da sa'o'inka ke ɗorawa a WhatsApp, babu mai nuna bashin da ake bin sa.

Yunwa ma tana cikin maganar. In bursu, kuɗin tallafin ɗalibai, ya yi jinkiri, ga zafin Afrilu, ga wahalar ruwan garin nan da kowa ya sani, dole tunani ya yi baƙi. Ka ci abinci, ka yi barci, kafin ka yanke hukunci kan rayuwarka. Masu kabu-kabun nan kuwa kada ka raina su, na san wanda da babur ya riƙe kansa har ya gama.

Ni ayar Suratu Yusuf ce ta riƙe ni, inda Annabi Yakubu ya hana ƴaƴansa yanke ƙauna daga rahamar Allah, amma ya ce su tafi su nemi labarin Yusuf da ɗan'uwansa. In rashin barcin ya daɗe, ko ka fara tunanin cutar da kanka, ka je ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Wane fanni kake? Ka faɗa mana, akwai waɗanda suka riga ka a wannan dandali, za a nemo maka tsofaffin takardu kafin lokacin gyara.