Ku Tambayi Malam: Sai da shehu ake samun hasken zuciya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina sayar da hatsi a kasuwar Jega. Ina salla, ina azumi, kullum ina sauraren karatun malamai a waya, amma zuciyata a bushe take, ko daɗin sallar ba na ji. Abokaina 'yan ɗariƙa sun ce wanda ba shi da shehu, Shaiɗan ne shehunsa. Wasu kuma sun ce Alƙur'ani da Hadisi sun ishe ni. Kwanan nan wani ya ce in kawo rago da kuɗi, cikin kwana 40 zai sa in samu buɗi. Ina mafita?
Daga wani mai karatu, Jega, Jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Damuwar nan da kake ji ita kanta alheri ce, domin matacciyar zuciya ba ta kukan bushewa.

Maganar da abokanka suka faɗa ba hadisi ba ce, zancen magabatan sufaye ne, ana jingina shi ga Abu Yazid Bisɗami. Kada ta firgita ka. Masu cewa Littafi da Sunna sun isa, su ma gaskiya suka faɗa. To amma ta hannun wa za ka karɓe su? Annabi Musa (AS), da girman matsayinsa, ya yi tattaki ya je wurin Halliru yana roƙon ya bi shi don ya koya, kamar yadda ya zo a aya ta 66 ta Suratul Kahfi.

Karatun waya yana da amfani, ni ma ina saurare. Sai dai malamin da ke cikin waya bai san ka ba. Bai ga yadda fuskarka ke canzawa idan an yabi maƙwabcin rumfarka ba, bai san kana tsawaita sujada idan akwai mai kallo ba. Hassada da riya da jin kai ba sa bayyana ga mai su, sai wani ya nuna masa. Aikin shehun tarbiyya ke nan. Wanda zai ƙetare Kwara a Yawuri, ko ya haddace sunan kowane tsibiri, hannun Basarke matuƙin jirgin ruwa wanda ya san inda duwatsu ke ɓoye yake miƙa kansa.

A zauren malaminmu a Gwandu, Allah Ya jiƙansa, na ga wani ɗan kasuwa ya zo neman wuridin da zai buɗe masa zuciya. Malam bai tambaye shi mafarkinsa ba. Cewa ya yi: mudun da kake saye da shi, shi ne kake sayarwa da shi? Mutumin ya sunkuyar da kai. Aka ce ya je ya mayar da mudunsa ɗaya, ya nemi yafiyar waɗanda ya tauye, sannan ya dawo. Bayan ya dawo aka ba shi istigfari da salatin Annabi, ba wani ɓoyayyen sirri ba. Na kawo maka wannan ne don sana'arku ɗaya.

Mu mutanen ƙasar nan ba mu da ƙarancin abin koyi. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rubuta tafsirin Alƙur'ani sukutum, littafi guda ya ware yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, ciki har da yayansa Shehu Usmanu. Shi kuwa Shehu, wanda ya rasu a 1817, Baƙadire ne, ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma bai taɓa ɓoye girman da yake ba malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru ba. Amma da Malam Jibrilu ya kafirta masu aikata wasu manyan zunubai, Shehu ya rubuta cewa ba haka Ahlus Sunna suka tafi a kai ba. Ya saɓa masa, bai kuma daina yabonsa da yi masa addu'a ba. Wannan wurin nake so ka riƙe da kyau, domin nan matasanmu ke zamewa: wasu su mayar da shehu kamar ba ya kuskure, wasu kuma su ga kuskure ɗaya su watsar da mutum da duk alherinsa.

Mai neman rago kuwa, ka riƙe ragonka. Buɗi kyautar Allah ce, babu wanda ke da ikon yanka masa rana. Almajiri yakan kai wa malaminsa hadaya don ƙauna, wannan sananne ne, amma ba a ciniki.

Kada ka yi gaggawar ba da hannu ga wani shehu. Ka zauna a zauren mutum wata da watanni tukuna. Ka duba ko ya san hukuncin tsarki da salla da ciniki, ko ana ganinsa a sahun Asuba. Ka tambayi maƙwabtansa yadda yake biyan bashi. Ka lura da almajiransa da suka daɗe: sun ƙara sauƙin kai, ko sun ƙara raina mutane? Idan ya ce ka kai matsayin da salla ta faɗi a kanka, ko yana keɓewa da matan mutane da sunan tarbiyya, ko ya raba ka da iyayenka, tashi ka kama gabanka ko da yana tafiya a kan ruwa.

Kafin Allah Ya haɗa ka da shehu na gari, ka samu malamin zaure nan Jega ka fara Ahalari ko Ishmawi a gabansa, baki da baki. Ka tsare jam'i, ka ware ɗan lokaci bayan Asuba don istigfari da salati, wayar kuma ka bar ta a ɗaki. Idan ka ga wanda hankalinka ya kwanta da shi, ka yi istihara, ka shawarci mahaifinka. Wallahu a'alam.